Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kuɗi: wa ya ba kazinon waya izinin shiga gidajenmu?

Zuwa ga Mai girma Ministan Kuɗi na Jamhuriyar Nijar,
tare da shugabannin LONANI, hukumar wasannin sa'a ta ƙasa, da na ARCEP, hukumar sa ido kan sadarwa, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati a nan Tawa. Na rubuto muku ne a kan wani kamfanin cacar intanet, irin wanda ake kira kazino, wanda tallarsa ta cika wayoyin samarin garin nan. Ba zan faɗi sunansa ba. Kuɗi yake biyan mutane su faɗi sunan, ni kuwa ba zan yi masa aikin kyauta ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne a filin. Suna da yawa, launin tambari ne ya raba su, amma wasannin iri ɗaya, alkawarin iri ɗaya, hanyar karɓar kuɗin ma ɗaya.

Ma'aikatarku ce ke riƙe da LONANI, wadda doka ta damƙa wa harkar wasannin sa'a a ƙasar nan tun shekarun 1960. Don haka ku ne ya dace a tambaya. Wannan kamfani da ke karɓar kuɗin ƴan Nijar dare da rana, wa ya ba shi izini? In yana da izini, a nuna mana takardar, a faɗa mana sharuɗɗan da aka gindaya masa. In ba shi da shi, ta yaya kuɗinmu ke isa hannunsa cikin ƙiftawar ido ta layukan waya masu rajista a Nijar?

Bari in fara da tallar, don ta nan ake shigowa. Tana cikin TikTok da Facebook, tana kan status na WhatsApp, tana cikin rukunonin Telegram da ake turo wa yaro gayyata ba tare da ya nema ba. Da Hausa ake yin ta, Hausarmu ta nan, wani lokaci da Zabarmanci ko Faransanci. Mai yin ta kuma na gida ne: mai barkwancin da yara suka haddace maganganunsa, ko mawaƙin da ake sa waƙarsa wurin biki, ko dai wani saurayi da aka sani a unguwa wanda ya tara mabiya. Zai jingina da mota, ya baje ƴan jika goma-goma a hannu, ya juyo fuskar wayarsa a ga lamba tana hawa, ya ce wallahi da dala ɗari ya fara. Can ƙarshe sai ya faɗi abin da ya kawo shi: in za ka buɗe kont, ka sa kod ɗina, za a ninka maka kuɗinka. Maganar hasara ba ta fitowa daga bakinsa ko sau ɗaya. Abin da yake nanatawa shi ne ga hanyar samu ga saurayin da ya gaji da zaman fada ba aiki.

Wannan kod ɗin shi ya kamata ma'aikatarku ta fara dubawa. Yaran sun ɗauka wani alheri ne mai talla ya nemo musu, alhali lamba ce da kamfani ke gane wa ya kawo wa. A tsarin da aka saba da shi a wannan harka ko'ina a duniya, ana biyan mai talla ta ɗayan hanyoyi biyu. Ko a ba shi wani abu a kan kowane sabon mutum da ya zuba kuɗi, ko kuma a yanka masa kaso daga hasarar mutanen da ya kawo, sau da yawa rubu'i ko fiye, muddin suna ci gaba da wasa. Ranka ya daɗe, a tsaya a kan wannan. Ranar da yaron da ya bi kod ɗin ya ci, kason mai talla ya ragu. Ranar da yaron ya tashi ba ko dala, ranar mai talla ke cin nama. Wanda ke cewa "ƴan uwa, so nake kowa ya samu", abincinsa yana cikin rashin samunsu ne. Ita ma lambar da ke hawa a fuskar wayarsa ba dole ne ta zama kuɗin gaske ba. A Brazil, binciken ƴan sanda a kan masu tallar wani wasan kazino ya gano ana ba su kont na gwaji, mai kuɗin bogi, wanda aka saita ya riƙa ci don a ɗauki bidiyo.

Sana'ata lissafi ce, ku yi mini haƙuri in ɗan daɗe a nan, don nan ne gaskiyar abin take.

A ɗauki rulet, faifan nan mai juyawa da ƴar ƙwallo. Gidajensa 37 ne, daga sifili zuwa 36. In ka sa kuɗi a lamba ɗaya ka dace, a ba ka ribar ninki 35. Da adalci ake so, da 36 za a ba ka. Wannan ɗayan da aka zare shi ne rayuwar kamfanin: kashi 2.7 cikin ɗari na duk abin da aka ɗora a kan teburi. Ba ya buƙatar ya yi maguɗi, ba ya buƙatar sa'a. Abin da yake buƙata kawai mutane su yi ta sakawa.

Amma rulet ba shi ne ya kama yaranmu ba. Wasan jirgi ne. Ɗan ƙaramin jirgi zai tashi a fuskar waya, lamba tana hawa tare da shi, 1.2, 1.5, 2, 3, kai kuma sai ka danna ka cire kuɗinka kafin ya ɓace. In ka danna da wuri, ka ci kaɗan, ranka ya ɓaci da ka ga ya ci gaba da hawa ba kai. In ka jira, ya ɓace da kuɗinka. Masu ƙera irin wannan wasa da kansu suna rubuta cewa kashi 97 cikin ɗari na abin da aka saka ne ke komawa ga masu wasa. Yaro ya ji 97 sai ya ga ai kusan duka ne. To ga fassararta a aljihu. Damar jirgin ya kai ninki 2 ba ta kai rabi ba, 48.5 ce cikin ɗari. Damar ya kai ninki 10 ba ta cika ɗaya cikin goma ba. Ninki 100 da ake nunawa a bidiyo kuwa ba ta cika ɗaya cikin ɗari ba. Kuma kashi ukun nan da kamfani ke ɗauka, ba a kan kuɗin da ka zuba a kont yake ɗauka ba, a kan kowane zagaye ne. Wanda ke sa jika ɗaya, wato sefa dubu, kowane zagaye, in ya yi zagaye ɗari, jika ɗari ya juya, kuma a matsakaicin lissafi jika uku sun tafi. Zagaye ɗari kuwa ba ya cin dare guda.

Saurin nan shi ne ya raba wannan da cacar da muka sani. Ba yabon PMU, cacar tseren dawakai, nake ba, ta kashe aure ba ɗaya ba. Amma mai PMU sai ya taka zuwa kiyos, ya cika tikiti a gaban jama'a, ya jira dawakai su yi gudu a Faransa, sannan ya ji sakamako. Tsakanin sakawa da hasara akwai sa'o'i, akwai idon mutane, akwai kunya. Jirgi kuwa daƙiƙu kaɗan ne, ya ɓace wani ya tashi, ba ya rufewa da dare, ba ya rufewa da azumi, kuma yaro yana kwance a ɗakin uwarsa zai iya yin sa, fuska ƙarƙashin bargo.

Sai bonus, wanda shi ne tsabar da ake watsawa a bakin tarko. Ka zuba jika 10, a ƙara maka jika 10, kont ya nuna 20. Abin da mai talla bai karanta maka ba yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, da Faransanci ko Turanci: ba za ka cire kuɗin kyautar ba sai ka juya shi sau 30, ko 35, ko 40, gwargwadon kamfani. A ɗauki 35. Jika 10 sau 35, jika 350 ke nan da za ka yi wasa da su. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 jika 42 ne, wato ana so ka juya abin da ya haura albashin wata takwas. Kashi uku na jika 350 kuwa jika 10 da rabi ne. Kafin ka cika sharaɗin, lissafi ya riga ya cinye kyautar har ya taɓa naka. Wanda ya tsara wannan ya san aikinsa sarai, kuma ni a matsayina na malamin lissafi ban san wani suna da zan kira tallar da ke ɓoye shi ba in ba yaudara ba.

Na taɓa kawo wannan a aji, lokacin darasin yiwuwar aukuwa. Wani ɗalibi, mai ƙoƙari ne ma, ya ɗaga hannu. "Mushe, ni na gano dabara. In na hwaɗi sai in ninka, in na sake hwaɗuwa in ƙara ninkawa. Dole dai in ci, kuɗɗina duka su dawo." Na ce ya zo allo ya rubuta da hannunsa, ya fara da dala ɗari, wato sefa 500. Ya rubuta 500, 1,000, 2,000, 4,000, 8,000, 16,000, 32,000. Na ce ya tara. Jika 63 da rabi, duk don neman ribar dala ɗari. Faɗuwa bakwai a jere a irin wannan wasa tana zuwa kusan sau ɗaya cikin ɗari, kuma mai wasa kullum zai gamu da ita ba da daɗewa ba, a daren da ba shi da jika 64 na zagaye na takwas. Ya tsaya yana kallon allon, sannan ya ce, "To ai Mushe, akwai masu saida manhajar da ka gwada lokacin da jirgin za ya ɓacewa." Na tambaye shi, mutumin da ya san wannan lokaci, me zai sa ya sayar maka da sirrin a jika biyu maimakon ya kwashe kamfanin shi kaɗai? Aji ya fashe da dariya. Shi bai yi ba, kuma daga yanayin fuskarsa na gane ya riga ya saya.

Inda kuɗin ke bi kuwa, na gan shi da idona. Ɗan ƙanena yana da kiyos na sa kuɗi da cire kuɗi ta waya kusa da wata tasha, nakan zauna wurinsa bayan isha'i. Masu kabu-kabu, yaran gareji, almajiran tela, ƴan makaranta, kowa da dala ɗari ko jika ɗaya a dunƙule. Wasu a kont ɗinsu ake sa musu, wasu kuma su karanto wata lamba su ce a tura can, kuma lambobin ba su da yawa, su ne dai ake ta maimaitawa. Mutum ɗaya sai ya dawo sau uku kafin a rufe. Masu cirewa ƙalilan ne, amma in ɗaya ya ci jika ashirin, duk layin sai ya ji, kuma ba mai tambayarsa nawa ya zuba kafin nan.

Wata rana da hantsi wata tsohuwa ta zo daga ƙauye, ta kwance waya daga bakin zanenta. Ɗanta da ke cin rani a Abijan ya aiko kuɗin hatsi. Yaron kiyos ya duba, babu komai a ciki. Ta ce, "Ɗana, diba da kyau, an ce mini tun shekaranjiya sunka shigo." Ya buɗe jerin saƙonni. Kuɗin sun shigo, gaskiya ne, sun kuma fita kashi-kashi tsakanin ƙarfe ɗayan dare da asuba. Ita ba ta karatu, autanta ne ke riƙe mata wayar, shi ya san lambar sirri. Ranka ya daɗe, ƙasar Adar, yankinmu na Tawa, da kuɗin ƴan cin rani take rayuwa, kuma a gidaje da yawa wanda ya iya danna waya shi ne mafi ƙuruciya. Kamfanin zai ce ai ya rubuta an hana ƴan ƙasa da shekara 18. Ya rubuta. Layin kuma da sunan tsohuwar aka yi masa rajista.

Kada a ce rigimar malamin makaranta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtukan da take ganewa, kuma a bayanin da ta fitar a Disamba 2024 ta ƙiyasta kashi 1.2 cikin ɗari na manyan duniya suna fama da ita, sannan kowane mai caca da ya yi nisa yana jawo wa wajen mutum shida wahala. Kwamitin masana na mujallar Lancet Public Health, a rahotonsa na Oktoba 2024, ya ƙiyasta cewa cikin masu yin kazinon intanet wajen kashi 16 na manya da wajen kashi 26 na matasa ƙanana sun kamu. A ajiye wannan kusa da ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba.

In aka gangara ƙasan shafin irin waɗannan kamfanoni, akan ga ɗan tambari da ke cewa suna da lasisi. Yawanci na Kurasawo ne, wani tsibiri a tekun Karibiyan da ke ƙarƙashin masarautar Holand, ko na Anjuwan a ƙasar Komoros. A Kurasawo, tun 1996 kamfanoni huɗu ne suka riƙe babban lasisi suna sayar wa ɗaruruwan wasu ƙananan lasisi, ba tare da wani sa ido na kirki ba, har sai da aka matsa wa tsibirin ya yi sabuwar doka a Disamba 2024. Ko da lasisin na gaske ne, izini ne na can. Bai ba kowa damar karɓar dala ɗaya a Tawa ba. Kuma ranar da saurayi ya ci abu mai kauri, aka rufe masa kont aka ce ana bincike, aka ce ya turo hoton katin ɗan ƙasa, ya tura, aka ce ya sake ɗaukar hoto riƙe da katin, ya tura, aka yi shiru, ina zai kai ƙara? Ba buro, ba wakili mai suna, ba kotun da za ta kira su. Ga shi ya ƙara da kyautar takardunsa ga mutanen da bai san ko su wane ne ba. Muna da HAPDP mai kare bayanan mutane, ya kamata ta ji wannan.

Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan, kuma ba sai mun ƙirƙiro komai ba. Faransa, wadda yawancin dokokinmu daga nata aka kwafo, ta buɗe cacar intanet a 2010 ga wasanni da dawakai da kartar poka kawai, kazinon intanet kuwa haramun ne a can har yau, kuma tun 2020 tana da hukuma ta musamman, ANJ, mai bin shafukan da ba su da izini. Italiya ta hana tallar caca a 2018. Holand ta hana amfani da fitattun mutane a tallar tun 2022. Beljiyam ta taƙaita tallar ƙwarai daga Yuli 2023, ta kuma ɗaga shekarun shiga caca zuwa 21. Indiya ta yi dokar hana wasannin kuɗi na intanet gaba ɗaya a Agusta 2025. Waɗannan masu arziki ne ko masu yawan jama'a, suna da asibitoci da kotuna da ƴan jarida masu bincike, amma suka ga abin ya fi ƙarfin a bar shi haka.

Wadda ta fi kama da mu Kenya ce, don can ma da kuɗin waya ake yin komai. A Yuli 2019 hukumomin ƙasar suka ƙi sabunta lasisin kamfanonin caca 27, suka umarci kamfanonin sadarwa su rufe lambobin da ake biyansu ta ciki. Nan take abin ya girgiza, har manyan cikinsu suka dakatar da aiki. Ba a kama uwar garken kowa ba, ba a aika ɗan sanda Turai ba. Hanyar kuɗin aka toshe.

Wannan shi ne babban abin da nake roƙo. Kamfanin yana can inda hannunku ba ya kaiwa, amma ƙofofinsa biyu suna nan cikin gida: bakin da ke tallata shi da layin da ke kai masa kuɗi. Kamfanonin sadarwa a ƙasar nan huɗu ne, Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms, duka ƙarƙashin ARCEP. Kuɗin waya yana ƙarƙashin ƙa'idojin BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na yammacin Afirka. Kowane layi da takardar shaida ake yi masa rajista. Lambar da ke karɓar ɗaruruwan ƙananan kuɗi daga magariba zuwa asuba, daga Tawa da Konni da Madawa a lokaci guda, ba ta ɓoyuwa ga kwamfutar da ke iya sanin saura mega nawa a wayata. A umarci masu kuɗin waya da kamfanonin aika kuɗi su rufe duk lambar da ke tara wa kazino marar izini, su miƙa bayanin ga CENTIF, hukumar bin diddigin kuɗin haram, don kuɗin da ke fita ƙasa ta lambobin mutane ba rasit aikinta ne dama. ARCEP kuma ta toshe shafukan, in sun sake adireshi ta sake toshewa.

Za a ce mini yara za su bi ta VPN, manhajar kewaye toshewa, wasu kuma za su koma kuɗin kirifto. Wasu za su yi, ban musa ba. Amma mai kabu-kabun da ke tsaye a kiyos da dala ɗari ba zai je neman kirifto ba. Sauƙi ne ya kawo shi, in sauƙin ya tafi mafi yawansu za su tafi.

Tallar kuwa a yi mata doka bayyananna, a hana tallata kazinon intanet ta kowace kafa, a hana rarraba kod, a hana biyan mutum da kaso daga hasarar wani. Sai dai ina roƙon a bi masu tallar a hankali da farko. Yawancinsu ƴaƴanmu ne da suka rasa aiki suka ga waya na iya ciyar da su, wasunsu ma sun faɗa cikin wasan da suke tallatawa. A kira su, a karanta musu dokar, a ba su wa'adi su goge. Wanda ya ƙi, sai a hukunta shi, kuma a nemi mai ba su kwangilar a cikin gida, don akwai shi. Muna da dokar laifukan intanet tun 2019, an kuma ƙara mata ƙarfi a 2024. Mun ga saurin da ake ɗauko ta in an ɓata sunan wani babba. Tsohuwar da aka kwashe wa kuɗin hatsi ma tana da hakki a kanta.

Akwai wata magana da ta shafi LONANI, zan faɗe ta ba da raini ba. Hukumar da ke sayar da tikiti, wadda ake auna nasararta da yawan kuɗin da ta shigar wa baitulmali, ba za ta iya zama ita ce mai cewa a rage caca ba. In ta kori kazinon waje, mutane za su ce kishiya ta kora. Kodebuwa ta gane haka, a 2020 ta yi dokar da ta kafa hukumar sa ido daban da LONACI mai shirya wasannin. Mu ma a raba aikin. Kuma kada a karanta wasiƙar nan a ce to maganin shi ne a sayar wa kamfanin lasisi, ko LONANI ta buɗe nata jirgin mai tutar ƙasa. Lissafin da na yi a sama ba ya sakewa don mai karɓar kuɗin ɗan ƙasa ne. Na san baitulmali na cikin matsi, kuma za a zo muku da takarda mai nuna harajin da za a samu. Ku tambayi mai takardar daga aljihun wa harajin zai fito, kuma nawa za a yi hasara kafin gwamnati ta ga jika ɗaya.

Hukuncin caca a addini ba sai na koya wa kowa ba. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun haɗa ta da giya, sun ce tana jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, kuma limaman Tawa suna faɗa a huɗuba. Yaran sun sani. Wanda ke danna jirgi da ƙarfe biyun dare ya san haram ne, abin da ya kasa shi ne dainawa. Liman zai yi wa'azi, uba zai yi faɗa, mu malamai za mu rubuta a allo, amma a cikinmu ba mai ikon rufe lambar waya. Shi ya sa wasiƙar ta zo muku.

Waɗanda suka riga suka kamu kuma suna buƙatar wurin zuwa. Yau in yaro ya sayar da babur ɗin ubangidansa ko ya ci kuɗin rajistar jarrabawa, gida biyu ne: duka ko gidan kaso. A ware wani abu daga ribar LONANI a horar da ma'aikatan lafiya a asibitocin jihohi su san wannan ciwo, a buɗe layin kira kyauta wanda uwa za ta iya kira da harshenta.

Abu mafi sauƙi, wanda ba ya buƙatar sabuwar doka ko kasafi, shi ne sanarwa. Ma'aikatarku ta fito ta faɗi sunayen duk wanda ke da izinin shirya caca a Nijar, da irin wasan da aka yarda masa, ta ce duk wanda ba ya cikin jerin ba shi da izini kuma mai tallata shi yana saɓa doka. Tunda kundin sake gina ƙasa na 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, a karanta sanarwar da Hausa da Zabarmanci da Tamajak da Fulfulde da sauran harsunanmu a Voix du Sahel da Télé Sahel da gidajen rediyon karkara, a kuma tura ta ta saƙon waya kamar yadda ake turo mana tallar mega. A yi ta kafin kaka, lokacin da kuɗi ke shiga hannun mutanen ƙauye, don masu kod sun san wannan lokaci sarai. In ta fito, ni zan kai ta aji in karanta wa ɗalibaina, zan kuma sa a manna ta a jikin kiyos.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wani malamin lissafi,
Tawa.